Tambaya a kan 8-oxo-dG: zarena yana karyewa a wajen cire kariya

Ɗaliba mai bincike ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da abokan karatu. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna haɗa gajerun zaren DNA a ɗakin gwaji, musamman waɗanda suka taɓa saka haruffan da aka sauya wa siffa. Bincikena ya shafi yadda enzayim ɗin OGG1 yake gane guwanin da oksijin ya lalata, wato 8-oxo-dG, ya cire shi daga cikin DNA. Don haka ina buƙatar zare mai haruffa 30, wanda harafi na 16 daga gefen 5' zai kasance 8-oxo-dG, kuma a bakin 5' ɗin a ɗaura rinin TAMRA domin in riƙa ganin gutsuren da enzayim ya yanke a kan jel.

Sau biyu na gwada, kuma kowane karo da irin matsalarsa. A karo na farko na yi amfani da fosforamidayit na yau da kullum, wato tubalan haruffan da na'ura ke ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, haɗin ya tafi lafiya a kan na'ura, domin na tsaya ina kallon ruwan lemo-lemon nan da yake fita duk lokacin da asid ya cire murfin DMT da ke kare bakin 5' na kowane harafi, kuma launinsa bai ragu ba ko bayan an ɗaura harafi na 16. Daga nan, don cire kariya, wato murafan sinadari da ke kare haruffan a lokacin haɗi, na zuba amoniya mai ƙarfi, na rufe kwalbar, na bar ta a digiri 55 ta kwana. Da safe na tarar jan launin rinin ya dusashe ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa, kuma da na gudanar da jel na rina shi, sai ga layuka biyu masu kauri a wajen tsakiya, cikakken zaren kuwa ɗan kaɗan ne ya saura.

A karo na biyu, saboda in tsirar da rinin, na sauya sauran haruffan zuwa masu murfi mai sauƙin cirewa, na cire kariyar da fotasiyam kabonet mola 0.05 a cikin metanol na awa 4 ba tare da zafi ba. Rinin ya fito da kyawunsa, zaren kuma bai karye ba, amma na'urar auna nauyi ta nuna cewa babbar ƙololuwar ta ɗara nauyin da na lissafa da dalton 70 cif (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne), kuma OGG1 ya ƙi taɓa zaren ko kaɗan. Abin ya dame ni ƙwarai, domin wata biyu ke nan aikina yana tsaye a wuri ɗaya, ga shi kuma fosforamidayit ɗin 8-oxo-dG da ya rage mini bai wuce na haɗi biyu ba. Mene ne ya karya zaren farko, kuma mene ne wannan 70 ɗin? Akwai hanyar da za a haɗa 8-oxo-dG da TAMRA a zare guda?

Ina da ƙaramar tambaya ta biyu. Wani abokin aikina yana son ya saka inosin, wani harafi da ba ya cikin huɗun DNA, a wurare biyar a cikin firaimarsa, wato gajeren zaren da ake fara kwafar DNA da shi a PCR, maimakon ya gauraya haruffa huɗu a kowane wuri, ya ce inosin yana kama kowane harafi daidai wa daida. Shin haka abin yake? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon mai haɗa zare ya amsa:

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Bayaninki ya fito sarai, kuma abin da kika faɗa game da launin DMT ya riga ya warware rabin tambayar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan tsamin bai faru a kan na'ura ba. Da ɗaurin harafi na 16 ne ya gaza, da launin lemon ya faɗi a daidai wannan zagaye, kuma da gajeren layi ɗaya kawai za ki gani, wato haruffa 14 na gefen 3' waɗanda aka toshe bakinsu, tunda na'urar tana gina zare ne daga 3' zuwa 5'. Ke kuwa layuka biyu kika gani. Wannan yana nufin zaren ya kammala lafiya, daga baya ya tsinke a tsakiya, ya bar gutsure mai haruffa 15 da wani mai 14. Idan kina da ragowar samfurin, ki auna nauyin gutsattsarin, ina sa ran za ki tarar kowanne yana ɗauke da ƙarin fosfet a bakin da ya karye, kusan dalton 80 a kan abin da za ki lissafa.

Dalilin tsinkewar yana cikin halin 8-oxo-dG kansa. A cikin haruffa huɗu na DNA, guwanin ne ya fi saurin sakin ilektiron, amma wanda ya riga ya karɓi oksijin a matsayi na 8 ya fi shi saurin saki nesa ba kusa ba, domin ƙarfin da ake buƙata ya sauko daga kusan volt 1.3 zuwa kusan 0.7. To idan kika sa irin wannan harafi a cikin amoniya mai zafi tsawon dare, iskar da ta narke a cikin ruwan da wadda ta saura a saman kwalbar sun isa su ƙara masa oksidashan, sannan alkali da zafi su ƙarasa aikin, harafin ya fita, ƙashin bayan zaren ya karye. Maganin da aka daɗe da sani shi ne a zuba 2-makaftoetanol mola 0.25 a cikin amoniyar kafin ta taɓa zaren, domin shi ne zai riƙa shanye oksijin ɗin, sannan a bar shi a digiri 55 na awa 17. Ni ina ƙarawa da amfani da sabuwar amoniya, da ƙaramar kwalba mai murfin dunƙulewa wadda ba ta barin sarari mai yawa a sama, kuma ina hura iskar agon a ciki kafin in rufe. Warin sinadarin yana da ƙarfi, don haka a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake buɗe shi.

Dalton 70 ɗin kuwa aisobutiril ne, murfin da ke kan aminon matsayi na 2 na fosforamidayit ɗin 8-oxo-dG da kika saka. Kin sauya murafan sauran haruffan, amma wannan ɗin yana nan da nasa na asali, kuma fotasiyam kabonet a metanol ba ya iya ɓalle shi a cikin awa 4. Shi ya sa OGG1 ya ƙi zaren: aljihun enzayim ɗin an gina shi ne daidai da harafin, ba zai karɓi wanda yake ɗauke da ƙarin kaya a gefensa ba, kuma wannan amino ɗin yana cikin waɗanda suke riƙe saitosin na ɗaya zaren.

Kin ga ke nan abubuwa biyu kika haɗa waɗanda buƙatunsu suka saɓa. Harafin yana son amoniya mai zafi kafin murfinsa ya fita, rinin TAMRA kuwa ba ya jure amoniya mai zafi. Wannan shi ne abin da nake ta nanata wa duk wanda na koya wa aikin nan: harafin da aka sauya ba a ɗaukarsa kamar kwalba ta biyar da za a ɗaura a na'ura a ci gaba yadda aka saba. Tsarin da Marvin Caruthers da Serge Beaucage suka fitar a Jami'ar Kolorado a 1981 an daidaita shi ne a kan A da C da G da T, tun daga asid ɗin da ke cire DMT, da aidin ɗin da ke ƙarfafa fosfet, har zuwa amoniyar ƙarshe. Haruffan nan huɗu suna jure duk wannan. Baƙon harafi kuwa sai an tambayi kowane mataki ko zai bar shi da rai, kuma daga ƙarshe ake faro lissafin, wato a fara duba abin da ya fi rauni a cikin zaren da yanayin cire kariyar da zai iya ɗauka, sannan a zaɓi murafan sauran haruffa su dace da shi.

Kowane harafi da inda yake jin ciwo. Wanda ya saka 5-bromo-dU don ɗaukar hoton kiristal ko ɗaure DNA da furotin ta hanyar haske, idan ya dafa shi a amoniya, wani kaso na buromin ɗin zai fita amino ya maye gurbinsa, saboda haka ba tare da zafi ba ake cire masa kariya. Shi kuwa 7-deaza-dG, wanda ake sakawa don hana jerin guwanin naɗewa su zama G-quadruplex, matsalarsa tana kan na'ura, domin aidin yana cinsa kaɗan-kaɗan a kowane zagaye, har idan suna da yawa a zare gara a sauya aidin da wani mai oksidashan marar ruwa irin CSO. Akwai ma nau'in 5-hydroxymethyl-dC da murfinsa na sayanoetil ba ya fita sai an kai digiri 75 na awa 17, wanda babu wani rini mai rauni da zai rayu a ciki. Hatta saitosin na yau da kullum yana da nasa sharaɗin, domin idan za a yi saurin cire kariya da gaurayen amoniya da metilamin a digiri 65 na minti 10, dole ya zama mai murfin asetil, in ba haka ba metilamin zai maye gurbin aminon wasu daga cikin masu benzoyil, a sami ƙarin dalton 14 da harafin da ba a nema ba.

Shawarata gare ki ita ce ki raba su. Ki haɗa zaren 8-oxo-dG shi kaɗai da haruffan yau da kullum, ki cire masa kariya yadda na bayyana, sannan ki ɗaura TAMRA a kan ɗaya zaren da zai kama shi, wanda babu wani baƙon harafi a cikinsa. Kuma tunda sinadarin ya yi ƙaranci, ki kula da ruwa: ki narkar da shi a busasshen asetonaitiril wanda ruwan cikinsa bai kai kashi 30 cikin miliyan ba, ki tsawaita lokacin ɗaurinsa zuwa ƴan mintoci, kada kuma ki bar shi ya kwana biyu a kan na'ura. A zare mai haruffa 30 akwai ɗauri 29, idan kowanne ya yi kashi 99 cikin 100 za ki tsira da kusan kashi 75, idan ya sauka zuwa 98 kuwa sai ki koma kusan kashi 56.

Malamar enzayim ta amsa:

Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa game da musabbabin matsalolin biyu, kuma ban da abin da zan ƙara a kai. Sai dai ina neman afuwarsa a kan shawarar ƙarshe, domin a ganina ba za ta biya wa ɗalibar nan buƙata ba. Gwajin da take son yi na yanka ne, ana gudanar da shi a kan jel mai yuriya wanda yake raba zare biyun, kuma abin da ido yake gani shi ne zaren da ke ɗauke da rini kaɗai. Idan rinin yana kan zaren da ba a yanka ba, to ko OGG1 ya gama aikinsa kaf, layi ɗaya za ta gani a wurin haruffa 30. Dole rinin ya zauna a kan zaren da ke da lahanin.

Hanya mafi sauƙi, ƴata, ita ce ki bar TAMRA ki koma koren rinin FAM, wato fulorosin, domin yana jure amoniya a digiri 55, kuma da yawa daga masu irin wannan gwaji da shi suke aiki. Idan kuwa akwai dalilin da ya sa sai jan rinin, misali kina da wani zaren mai FAM a cikin gwaji ɗaya, to ki ɗaura rinin bayan an gama komai. A zagayen ƙarshe ki saka mahaɗin amino mai kabon shida a bakin 5', ki wanke kwalam ɗin da dayetilamin kashi 10 cikin 100 a asetonaitiril na ƴan mintoci kafin amoniya, don akirilonaitiril da ke fita daga fosfet kada ya manne wa aminon, sannan ki cire kariya da makaftoetanol kamar yadda Malam ya ce. Bayan haka sai ki tsabtace zaren sosai, ki raba shi da duk wani ɓurɓushin amoniya da makaftoetanol, ki narkar da shi a sodiyam baikabonet mola 0.1 mai pH tsakanin 8.5 da 9, ki zuba TAMRA nau'in NHS, mai manne wa amino, wanda aka narkar a busasshen DMSO. Kada Tris, sinadarin daidaita pH, ya kusanci wannan haɗi, domin shi ma amino gare shi, zai cinye rinin kafin ya isa ga zaren.

Abin da ya fi damuna ya wuce batun rini. Oksidashan na biyu da Malam ya ambata ba kullum yake ƙarewa da karyewar zare ba. Wani lokaci zaren yana nan da tsawonsa, amma harafin ya rikiɗe ya zama ɗaya daga cikin abubuwa biyu da ɗakin binciken Cynthia Burrows a Jami'ar Utah ya yi fice wajen nazarinsu, wato Sp, wanda ya ɗara 8-oxo-dG da dalton 16, da Gh, wanda ya gaza shi da dalton 10. A kan jel ba za ki bambance su da zaren kirki ba, amma a wurin enzayim abubuwa ne daban, domin enzayim ɗin NEIL1 ne yake cire su da kyau, Fpg na bakteriya ma yana taɓa su, OGG1 kuwa ba nasa ba ne. Na sha ganin ɗalibi ya zana sakamako ya ce enzayim ɗinsa ya tsaya a kashi 70 ya ƙi wucewa, ya shiga neman dalili a cikin furotin, alhali kashi 30 na zaren nasa ne ba ya ɗauke da abin da yake zato. Don haka bayan kin tsabtace zaren da na'urar HPLC ki sake auna nauyi, ki duba waɗannan wurare biyu da idon basira, ki raba zaren ƙanana-ƙanana ki daskarar, ki kiyaye shi daga haske da ɓurɓushin ƙarfe, domin rinin da kansa yana iya jawo oksidashan idan haske ya daɗe a kansa.

Ki kuma tanadi zaren gwadawa tun yanzu. Tun 1984 da Hiroshi Kasai da Susumu Nishimura suka bayyana wannan lahani a Japan, abin da ya sa ake kula da shi shi ne fuska biyu da yake da ita: yana kama C kamar guwanin na asali, amma idan ya juya a kan sukarinsa sai ya kama A, kuma ta nan ne G take komawa T a zuriya ta gaba. OGG1 yana cire shi ne idan C ce a gabansa, idan A ce kuwa enzayim ɗin MUTYH ne yake zuwa ya cire A ɗin. Saboda haka ki haɗa zaren kishiya guda biyu, mai C da mai A, kuma ki yi wani zaren mai G lafiyayye a matsayi na 16. Ki tuna kuma OGG1 yana da saurin cire harafi amma yana da nawa wajen yanke ƙashin baya, don haka ki tsayar da gwajin da sodiyam haidiroksayid da ɗan zafi domin duk gurbin da ya zama fanko ya karye, in ba haka ba za ki auna mataki na biyu kina zaton na farko ne. Idan daga baya za ki shigo da APE1, enzayim mai yanka gurbin da ya zama fanko, akwai gurbin fanko na roba da ake kira dSpacer, wanda zoben tetrahaidirofuran ne marar harafi, yana jure duk matakan haɗi, APE1 yana yanka shi, alkali kuma ba ya karya shi.

Mai aikin PCR ya amsa:

Malamai sun gama da babbar tambayar, ni zan taɓa ta inosin ne kawai. Maganar abokin aikinki tana da tushe amma ta wuce gona da iri. Gaskiya ne cewa inosin yana iya zama a gaban kowane harafi ba tare da ya wargaza zaren ba, kuma halitta ce ta fara amfani da wannan hali, domin an same shi a cikin tRNA na alanin da Robert Holley ya karanta jerinsa a 1965, kuma a kansa ne Francis Crick ya gina wani ɓangare na bayaninsa na 1966 game da sassaucin harafi na uku na kodon. Amma kamun ba daidai wa daida ba ne. Ya fi riƙe C da ƙarfi, sai A, sannan T da G a baya, kuma idan folimares, enzayim mai kwafar DNA, ya zo kwafarsa a zagaye na gaba yana karanta shi a matsayin G, ya ajiye C a gabansa. Wannan yana nufin duk abin da aka karanta a ƙarƙashin firaimar ba jerin asali ba ne, dole a yanke shi kafin a yi nazari.

Duk da haka ina ganin dabarar tasa ta fi gaurayawa a wurare biyar. Idan aka gauraya haruffa huɗu a wuri biyar, firaimar ta zama iri 1,024, wadda ta dace da abin da ake nema kuwa ɗaya ce tak a cikinsu, sauran suna yawo suna kama inda ba a aike su ba. Inosin yana mayar da su iri ɗaya, kuma ta fuskar haɗi ba shi da rigima ko kaɗan, tunda ba shi da amino a waje da zai buƙaci murfi, kuma yana jure amoniya. Sharuɗɗa biyu ne zan ba shi. Na farko, kada ya saka shi a haruffan ƙarshe na bakin 3', inda folimares yake buƙatar kamu mai kyau kafin ya fara, kuma ya rage zafin mannewa kaɗan. Na biyun shi ne wanda ya fi kama mutane: folimares masu gyaran kuskure na dangin Pfu suna da aljihun da ke gane yurasil da haifozantin, wato harafin inosin, a kan zaren da suke kwafa, kuma suna tsayawa cak idan sun tarar da su. Mutum zai ga PCR ta ƙi fitowa ya yi ta sauya zafi da magniziyam, alhali enzayim ɗin ne ya ƙi wucewa. Folimares ɗin Taq ba shi da wannan aljihu, haka ma nau'o'in da aka gyara musamman don su jure yurasil.

Inda bambancin na haruffa biyu ne kawai, ni na fi son a gauraya biyun, ko a yi amfani da haruffan roba, dP mai kama A da G, da dK mai kama C da T. Shi kuwa 5-nitroindole, wanda ya fi inosin rashin nuna bambanci domin ba ya ƙulla haɗin haidirojin da kowa, jingina kawai yake yi da maƙwabtansa, ya fi dacewa da zaren bincike da ba za a kwafa ba, domin folimares yana wahalar wuce shi.

Ɗaliba mai bincike ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam, na auna ragowar samfurin farko kamar yadda ka ce, kuma gutsattsarin biyu sun fito kowanne da ƙarin fosfet ɗinsa, saboda haka babu sauran shakka cewa tsinkewa ce. Malama, dalilin da ya sa na nace wa TAMRA shi ne wanda kika hango, ina da zare mai FAM da ke ɗauke da dU, wato harafin yurasil, wanda nake so ya shiga kwalba ɗaya da wannan, domin in kwatanta aikin UNG, enzayim mai cire yurasil, da na OGG1 a cikin ruwan ƙwayoyin halitta guda. Don haka zan bi hanyar mahaɗin amino, kuma na riga na tsara zaren kishiya biyun da mai G lafiyayye. Na kuma isar wa abokin aikina da saƙon inosin, ashe kuwa enzayim mai gyaran kuskure yake shirin amfani da shi.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Zaren karo na biyu, mai ɗauke da aisobutiril da TAMRA, yana nan a daskare kuma yana da yawa. Shin zan iya mayar da shi cikin amoniya da makaftoetanol in ceto shi, ko in haƙura da shi?

Tsohon mai haɗa zare ya sake amsawa:

Da farko, Malama ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyaranta, domin na duba matsalar ta fuskar haɗi ban duba yadda za a karanta jel ɗin ba. Game da zaren da ke daskare, kada ki zubar da shi, amma kada ki sa ran zai zama wanda za ki auna saurin enzayim da shi. Amoniya mai zafi da makaftoetanol za su cire aisobutiril su bar 8-oxo-dG lafiya, rinin kuwa zai lalace kamar yadda ya yi a karon farko, kuma abin da zai saura a bakin 5' gauraye ne da ba za ki iya tantance shi ba.

Amfaninsa shi ne ki yi atisaye da shi kafin ki taɓa sinadarin da ya rage miki. Ki ɗebi kashi biyu daidai, ɗaya ki sa a amoniya mai makaftoetanol, ɗaya a amoniya zalla, ki bar su tare a digiri 55 na awa 17, ki gudanar da su gefe da gefe a kan jel ki rina. Idan na farkon ya tsaya a haruffa 30 na biyun ya rabu gida biyu, kin tabbatar da cewa amoniyarki da kwalabenki da yadda kike rufe su sun yi daidai. Wanda ya tsira ɗin kuma ki haɗa shi da zaren kishiya mai C ki ba OGG1, ki rina jel ɗin da rinin DNA na gama-gari, domin ki ga ko enzayim ɗin ya dawo yana yanka bayan murfin ya fita. Wani ɗan kaso kuma ki bar shi da aisobutiril ɗinsa da jan rininsa, zai yi miki alamar tsawon haruffa 30 a kowane jel. Idan kin yi sabon haɗin, ki kawo mana nauyin da kika samu kafin ɗaura rinin da bayansa, mu duba tare.